Wuƙar da Baba ke yawo da ita a aljihu

Tun ina makarantar sakandare na san Baba da wata 'yar wuƙa mai naɗewa a aljihun gabansa. Duk ranar da ya tafi gona wajen Shika, kusa da Zariya, da bindigarsa, sai ya shafa aljihu ya tabbatar tana nan. Dalili kuwa, in ya harba, kwanson harsashin ba ya fita. Zai ja sakatar bindigar baya, ƙugiyar da ke fizgo kwanso ta zame ta bar kwanson a maƙale, sai ya sa tsinin wuƙar ya ɓanɓaro shi. Fiye da shekara ashirin haka yake yi, har muka ɗauka halin bindigar ne.

Bindigar tsohuwa ce ƙirar Ingila, mai cin harsashi ɗaya, irin wadda ake kira .22, shi kuma yana ce mata tu-tu. Ya saye ta yana aiki a Samaru, da lasisinta, kuma bai taɓa wasa da sabunta shi ba. Gafiya da zomo da biran da ke ɓarnar masara, iyakar aikinta ke nan.

A kakar bara abin ya ƙaru. Harsashi ba ya shiga sai an danna da babban yatsa, wani lokaci kuma a ja kunama a ji shiru. Baba ya ce harsasan ne suka tsufa. Daga baya ya ce datti ne, ya zauna a tsakar gida da tsumma da man keke ya goge ta tas, ba abin da ya sauya. Ni ne na tattara kwansunan da ya zubar a gwangwanin madara, na lura kowanne yana da zane guda a gefe, dogo, kamar an ja shi da ƙusa. Wani maƙeri da muke mutunci da shi ya leƙa ya ce ai ɗan ƙarfe ne ya taso a bakin ramin, a ba shi siririn magagari ya share shi cikin minti biyar. Wallahi saura kaɗan in yarda. Baba ne ya hana, ya ce doka ba ta bar kowa ya taɓa gyaran irin wannan bindiga ba sai mai izini.

Muka kai ta wurin wani dattijo, tsohon ɗan sanda da ya yi shekaru yana kula da ma'ajiyar makamai, yana kuma da takardar gyara. Kafin komai ya buɗe ta ya tabbatar babu harsashi, duk da Baba ya riga ya faɗa masa. Ya zare sakatar, ya haska tocila, ya sa gilashin nan na masu gyaran agogo a ido. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ɗago.

"Alhaji, wa ke harba ta ba harsashi a ciki?"

Baba ya ce shi dai bai taɓa ba. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin na san amsar. Ina ɗan shekara sha biyu zuwa sha uku, duk ranar da Baba ya tafi aiki, nakan shiga turakarsa in ɗauko ta daga bayan ƙofa, in auna ƙadangaren da ke kan katanga, in ja kunama in ji ƙyas, in sake ɗanawa. Ba sau goma ba, ba sau ɗari ba. Harsasan suna kulle a durowa, don haka a ganina ba abin da nake ɓatawa.

Dattijon ya ɗauki kwanso ɗaya ya nuna mana gindinsa. Ya ce harsashin bindigar farauta babba, maganin da ke kunna albarushinsa yana tsakiyar gindi ne, allurar bindiga, wato tsinken ƙarfen da ke dukan harsashi in an ja kunama, a tsakiya take duka, saboda haka ko babu harsashi iska za ta samu. Na tu-tu kuwa, maganin yana cikin leɓen da ya kewaye gindin. Allura tana dukan leɓen ne ta matse shi da bakin mazaunin harsashi, kamar guduma da uwar maƙera, tagulla mai laushi na tsakani. Tsarin tsoho ne, wannan harsashin tun 1887 aka fara yin sa a Amurka. To in ka cire tagullar, a yawancin tsofaffin bindigogi allurar kai tsaye take sauka kan ƙarfen bututu. Ita an gasa ta ta yi tauri, shi kuma bai kai ta ba. Duka ɗaya ba ya nuna komai, amma yau da gobe sai wurin ya loɓa, ƙarfen da aka tura ya leƙo cikin ramin. Shi ke yaga kwanso, shi ke riƙe shi bayan ya kumbura da harbi. Loɓawar kuma ita ke sa leɓen ya rasa abin jingina, duka ya yi sanyi, harsashi ya ƙi tashi.

Da na ambaci magagari sai ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗana, ƙarfen nan bai ɓace ba, gusawa ya yi. In ka share shi ka zubar da shi har abada, ramin da ya bari kuma yana nan." Kwanso zai riƙa fita, amma ƙin tashin zai ci gaba, in hannu ya zarce kuma mazaunin ya yi faɗi, tagulla ta riƙa kumbura ko ta tsage a wurin.

Abin da ya ɗauko ɗan sandan ƙarfe ne mai santsi, bai fi yatsa tsawo ba, yana sirancewa zuwa kai, gefe ɗaya a shafe. Ba ya yanka komai. Ya shafa masa mai, ya zura shi ta yadda shafaffen gefen ya wuce ta kan ƙarfen da ya taso, sannan ya murza a hankali har zagayayyen gefen ya hau kansa ya danne shi ya koma inda ya fito. Ya zare, ya goge, ya duba, ya ƙara zurawa kaɗan, ya sake murzawa. Ina jin ya yi haka sau shida ko bakwai, ba guduma, ba gaggawa. Na tsaya ina kallon hannun tsohon, ina tuna nawa hannun na yarinta da ya jawo wannan aiki.

Bai ɓoye mana ba, tabon ba ya cikewa sarai. Ya ce da ya fi haka zurfi, sai an yi babban aiki a bututun, wanda zai iya fin kuɗin bindigar. Ya duba kan allurar ma, ya ga ya ɗan baje, ya daidaita shi. Ya gargaɗe mu cewa ƙarfen da aka mayar ya fi saurin sake tasowa, don haka in za a saki kunama, a sa tsohon kwanso a ciki, a juya shi allura ta sami sabon wuri. Ya ce wasu bindigogin zamani an yi musu abin da ke tare allurar kafin ta kai ƙarfe, amma kada mu ɗauka tamu tana cikinsu.

A hanyar dawowa, mun wuce Ƙofar Doka, na ce, "Baba, ni ne. Ina yaro nake ɗaukarta in kun fita. Ku yafe mini."

Ya yi shiru har muka kusa gida. Sannan ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, ɗana. Ni na bar ta a bayan ƙofa. Da wata rana na manta harsashi a ciki fa?" Ban taɓa tunanin wannan ba sai a ranar, kuma jikina ya yi sanyi, domin ƙannena mata a gindin katangar nan suke wasan 'yar tsana.

Washegari ya aike ni Sabon Gari na sa mai walda ya haɗa akwatin ƙarfe mai kwaɗo biyu. Bindigar na ciki, sakatarta na wani wuri dabam, makullan na wurinsa, domin jikoki sun cika gidan. Ranar Asabar muka je gona, ya harba sau uku a jikin shuri. Duk sau ukun ta tashi, kwanson ya yi tsalle ya faɗa cikin ciyawa, sai da na durƙusa na laluba kafin na samo ɗaya in duba ko zanen yana nan. Babu.