Tsohuwar da aka kawo bakin ƙofa

Duk wata biyu nakan ɗauki kayan turare da atamfa daga Garwa in kai Injamena. In na kwana Kusiri, da sassafe ɗan kilando ya tsallaka da ni gadar Ngeli, kafin azahar na raba kaya, sai jiran kuɗi. Jiran kuɗin nan ne ya saba da ni da wata mata 'yar Habasha mai gidan abinci, don a wurinta nake fakewa daga rana. Wainarsu mai tsami har yau ba ta shiga raina ba, amma gahawarta, wadda take soyawa a gabanka tana ƙona lubban a gefe, ba ni da ta cewa.

A bango, bisa tiren kofuna, akwai hoton wata budurwa mai manyan idanu da kambi a ka. Na ɗauka Nana Maryam ce, sai ta ce a'a, Arsema ce, kuma a ƙasarsu 'yan mata da yawa suna amsa sunan. Ta ce ba ma 'yar Habasha ba ce, can Armeniya aka kashe ta, su kuma mutanen can Hiripsime suke ce mata. Rabin labarin a bakinta na ji, da faransancinta da nawa duk na kasuwa, sauran na bi shi a waya daren nan.

Ga yadda Armeniyawa suke ba da shi, kamar yadda Agatanjelos ya rubuta a ƙarni na 5. Hiripsime tana cikin wasu mata Kiristoci masu ibada a birnin Rum, waɗanda suka yi alkawarin ba za su yi aure ba, shugabarsu wata dattijuwa Gayane. Sarkin Rum Diyokletiyan ya aika masu zane su nemo masa macen da ta fi kowa kyau, aka kawo masa hotonta, ya ce ita. Matan, su talatin da wani abu, suka gudu har Bagarshafat, babban birnin Armeniya a lokacin, suka ɓuya a wata rumfar matse inabi a bayan gari. Ɗaya daga cikinsu ta iya yin duwatsun wuya na kwalba, su ake kaiwa kasuwa a sayo abinci. Wannan ya taɓa ni, don na san matan da suka baro gida da ɗan abin hannu irin wannan kaɗai.

Diyokletiyan ya rubuta wa Sarkin Armeniya Tirdat na 3 cewa a nemo ta a maido masa, in kuma ta yi masa, ya riƙe. Kamar ana maganar goɗiya. Tirdat ya gan ta, ya riƙe. Aka shigar da ita ɗakinsa, shi da aka sani da ƙarfin tsiya, amma labarin ya ce tun hantsi har la'asar suna kokawa, ita ta kayar da shi.

Da ƙarfi ya ƙi, sai sarki ya yi abin da kowane gida a unguwarmu ya sani: ya aika a kawo tsohuwa. Aka jawo Gayane da igiya a wuya, aka tsayar da ita bakin ƙofa, aka ce ta lallashi yarinyar ta yarda. Ta buɗe baki da harshen Rumawa ta ce mata ta tsaya a kan bakanta, kada ta ba da kai. Da aka gane abin da take faɗi, aka dinga dukan bakinta da dutse har haƙora suka zube, ba ta sauya magana ba. A nan na ajiye wayar.

Ina da shekara tara aka yi wa Addata miji. Mai shanu ne daga wajen Pitowa, ya girmi Baffa, yana da mata biyu. Adda ta ce ba ta so, ta ƙulle kanta a ɗakin Inna kwana biyu, ko kunu ba ta sha. Baffa bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Goggo ya kira, yayarsa, wadda take zaune a gidanmu tun rasuwar mijinta. Ina laɓe bayan randa na ga ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta zauna kan tabarma, ta kamo ƙafar Adda tana matsawa. "'Yar nan, mu ma haka aka yi mana, ga mu nan ba mu mutu ba. Kada ki kunyata ubanki." Adda ba ta ce uffan ba, hawaye ne kawai ke bin kunnenta yana jiƙa matashi. Goggo ta fito, ta sa takalmi, ta ce wa Baffa, "Ta yarda." Malamai suna cewa shirun budurwa yarda ne, amma ban taɓa jin malamin da ya ce kuka ma yarda ne ba. Wata bakwai auren ya yi, da yaji uku a ciki.

Ita Hiripsime ta kuɓuce daga fada cikin dare, aka cim mata a bayan gari. Abin da aka yi mata ba zan jera ba, ya isa in ce an fara da yanke harshe. Aka kashe Gayane da sauran, sai wata Nino da ake cewa ta tsira ta tafi Jojiya ta kai addinin can. Daga nan labarin ya koma na maza: sarki ya haukace yana yawo a daji kamar gursunu, 'yar'uwarsa ta yi mafarki cewa ba mai warkar da shi sai Girigori, wani Kirista da sarkin ya jefa a rami shekara 13. Aka fito da shi, sarki ya warke, ya karɓi Kiristanci, ƙasar ta bi shi. Shekarar 301 suke ba da wannan, suna alfahari su ne ƙasa ta farko da ta yi haka. Ni Musulma ce, amma wannan kusan shekara 300 ne kafin aiko Manzon Allah (SAW), kuma duk wanda ya karanta Suratul Buruj ya san masu imani da aka ƙona a rami don sun ƙi juyawa.

Cocin da ke kan kabarinta shugaban cocin Armeniya Komitas ya gina shi a 618, yana nan tsaye da dutsensa har yau a garin da ake kira Ecmiyazin, wato Bagarshafat ɗin nan, UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2000. Gayane ma an gina mata nata a 630, a gari ɗaya. Na daɗe ina kallon hoton wannan na biyun. Tsohuwar da aka aika lallashi ta ƙi, har da ginin dutse.

Da na koma Garwa na tarar da Goggo a inuwar darbejiya tana ɓare gyaɗa. Ta haura tamanin yanzu, ido ya yi rauni, kunne kuwa garau. Na zauna na ba ta labarin tun daga Rum, ban ambaci Adda ba, ita ma ba ta ambata ba. Da na zo wurin dutse da haƙora, hannunta ya tsaya a cikin ƙwarya.

"Ita wannan tsohuwar, kashe ta suka yi?"

Na ce, "Eh, Goggo, ba da jimawa ba."

Ta yi shiru, ta ɗauki gyaɗa ɗaya ta murza. "To ai ta huta. Ni a gidan na ci gaba da kwana, tuwon ubanku nake ci." Sai ta tambaye ni ko na sayo mata ganyen shayin da ta ce, na Cadi mai ja, ba irin na bara ba.