Daga Jidda zuwa Jizan: ruwan da bai sauka a kanmu ba

Kwana uku na yi ina leƙa waya kafin mu tashi. Manhajar Anwa ta hukumar yanayi ta Saudiyya ta nuna garuruwan da ke kan hanyarmu: Jidda garau, Lis garau, Kunfuda sai iska kaɗan. Amma tafiyar tamu a watan Nuwamba ce, kuma mazaunin Jidda ba ya wasa da wannan watan. Ranar 25 ga watan a 2009 ambaliya ta ci mutum fiye da 100, a 2022 kuma aka sheƙa milimita 179 cikin awa shida, har motoci suka hau kan juna. Don haka na zana komai a takarda: kilomita kusan 700, azahar a Kunfuda, magariba a Jizan, washegari jirgin ruwa zuwa tsibiran Farasan.

Kawu, wanda ya tsufa yana jan babbar mota a hanyar Tihama, wato yankin gaɓar Bahar Maliya, ko kallon takardar bai yi ba. Ya loda katan biyu na ruwa, igiya, tabarma da ledar dabino. Sharaɗinsa ɗaya: kada in biya kuɗin masauki tun daga gida.

Da sallame asuba muka kama hanya. Bahar Maliya na hannun dama, wani wuri a gan ta, wani wuri ta ɓuya bayan yashi. Ni teku nake kallo. Shi kuwa wuyansa na karkace hagu, wajen duwatsun Sarawat. Mun wuce Lis ba labari sai allunan gargaɗin raƙuma da kyamarorin Sahir masu kama gudun wuce ƙima, da suka hana ni taka mota yadda raina ke so.

Bayan Kunfuda muka sauka daga babban titi don gaida wani tsohon abokinsa a wani ƙauye ta wajen kwarin Hali. Rana tsaka, zafi kamar Sakkwato a watan Afrilu. Sai Kawu ya dafa mini gwiwa.

"Ɗan nan, dakata a nan sama."

"Kawu, ai ko ɗigo babu."

"A kanka ne babu. Dubi gabas."

Can nesa hadari ya haɗe baƙi ƙirin a kan duwatsu, ga walƙiya amma ba a jin tsawa. Gabanmu hanya ta gangara ta ratsa busasshen kwari, yashi fari fat. Gaskiya raina ya ɗan sosu, don lissafina ya fara rushewa. Shi ko ya shimfiɗa tabarma, muka haɗa azahar da la'asar ƙasaru, ya shiga cin dabinonsa.

Ƙarar muka fara ji, kamar tirela na tahowa. Sai ga bakin ruwan, ja-ja, kauri kamar kunun tsamiya, yana turo itace, jarkoki da wata tsohuwar taya. Kafin in ciro waya kwarin ya cika. Larabawan wurin suna ce masa "sel". Duwatsun ne ke tare ruwan sama, su sako shi gaba ɗaya zuwa teku, ya iske mutumin da ko laima bai gani ba. Wani matashi mai Hilux ya matso zai gwada sa'a, dattawa suka yi masa caa har ya ja baya.

Awa huɗu muka yi a wurin, abokin Kawu yana ɗaya gaɓar, sai ta waya suka gaisa. Muka juya babban titi inda akwai gadoji, muka kwana a garin Birk, a ɗakin da ban tanada ba.

Jizan ma sai da ta ƙara mana kwana. Jirgin Farasan kyauta ne, amma iska ta tashi, aka ɗage fita. Muka zauna kusa da kasuwar kifi muka ci sayadiyya, shinkafar da ta sha soyayyiyar albasa har ta yi duhu. Kawu ya nemi abin goge hannu, na miƙa masa takardar lissafin nan.