Darussan musayar karatu: takardar da ake rainawa kafin a tafi

Da zarar ɗalibi ya samu gurbin musayar karatu zuwa Turai, hankalinsa kacokan kan koma kan biza. Daga Samaru har Kongo, wato harabobin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, zancen ke nan: yaushe za a samu ranar ganawa ta neman biza, nawa za a nuna a banki. Amma a aikin shirya wa ɗalibai takardu, asarar da na fi gani bayan an dawo gida take bayyana, kuma tushenta takarda guda ce, wato yarjejeniyar kwasa-kwasan da za a ɗauka a can.

A tsarin Erasmus+, shirin musayar ɗalibai na Tarayyar Turai, mutum uku ke sa mata hannu: ɗalibi, jami'ar gida, da jami'ar da za ta karɓe shi. Su a can da ma'aunin nauyin kwasa-kwasai da ake kira ECTS suke lissafi, 30 a zango, 60 a shekara. Mu kuwa da yunit muke yi, kuma biyun ba sa daidaita kansu. Sai an zauna da jami'in jarrabawa na sashe, a ɗauko kowane kwas na dole a jera shi da takwaransa na can, a duba abin da ake koyarwa a ciki, domin suna kan zo ɗaya alhali darasin ya sha bamban. A rubuta lambar kwas, a rubuta yadda za a juya makinsu zuwa namu, sannan taron sashe ya amince a rubuce, kwafi ya shiga fayil ɗin ɗalibi.

A nan ake yin tuntuɓe. Yaro ya je wurin shugaban sashe, a ce masa: “Je ka abinka, in ka dawo ma san yadda za a yi.” Ya fito yana murna, alhali shugabancin sashe wa'adi gare shi. Kafin ya dawo wani ne a kujerar, ya buɗe fayil bai ga komai ba, kuma da gaskiyarsa. Sai kwasa-kwasan dole su zama bashi, ga shi yawancinsu sau ɗaya ake yin su a shekara. Wanda ya ciyo maki mai kyau a ƙasar waje ya zauna yana maimaita aji, abokansa sun tafi bautar ƙasa. In shekarunsa na dab da 30, wannan ƙarin shekarar na iya fitar da shi daga hidimar gaba ɗaya. Wasu manyan dai sa hannu ne ba sa so, don kada wata rana a tambaye su, sun kuma san ɗan mutane zai ji nauyin matsa wa malaminsa. Da ladabi za a koma, amma a yi ta komawa har sai tawada ta hau takarda.

Ko an sa hannu ba a gama ba. Akan isa a tarar an soke kwas, ko lokacinsa ya ci karo da wani, ko da Jamusanci ake koyar da shi. Ana yarda da canji a makonnin farko, sai dai dole gida ma ta sa hannu a kan canjin. A kuma auna kalanda: zangon Turai kan fara Satumba ko Oktoba, namu kuwa ya goce tun yajin aikin ASUU na 2022 da ya ɗauki wata 8. Zango ɗaya a can na iya cin wutsiyar wani a nan da kan na gaba.

Ita biza ƙa'idojinta a rubuce suke. Bizar Shengen kwana 90 ce cikin 180, zango kuwa ya fi haka, don haka biza mai dogon zama ta ita ƙasar ake nema, wadda ake kira D. Jamus kan nemi kuɗi a killataccen asusu, wanda ba a cire fiye da rabon wata daga cikinsa. Daga Satumbar 2024 Yuro 992 ne a kowane wata, 11,904 a shekara, sai in takardar tallafin karatu ta ɗauke nauyin. Ingila kan so kuɗin ya kwana 28 a jere bai yi ƙasa da adadin da ta ƙayyade ba, kuma zaman da ya wuce wata 6 sai da gwajin tarin fuka a asibitin da suka amince da shi. Kuɗin da kawu ya zuba a dunƙule ana saura kwana uku ganawa, tambaya yake jawowa.

Suna ya zama iri ɗaya a fasfo, NIN, sakamakon WAEC da takardar jami'a. Muhammad a nan, Mohammed a can, ko sunan gari ya zama sunan mahaifi, duk a gyara tun kafin a cike fom ɗin farko. In an nemi tantance takardu, Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce farko, sannan ta Harkokin Waje, duk a Abuja. Kada a sayi tikitin da ba a mayar da kuɗinsa kafin biza ta fito. Kafin a baro can kuma, a tabbatar jami'ar za ta aiko da sakamako kai tsaye zuwa ofishin da aka ambata a yarjejeniya, domin wanda ɗalibi ya riƙo a hannu ba kowane sashe ke karɓa ba.