Minti 40 da Burodin Agege

A shekarata ta ƙarshe a kwalejin horar da malamai, lokacin da ya rage mini kaɗan in kammala karatun NCE, aka tura ni gwajin koyarwa a wata makarantar al'umma da ke Agege, kusa da gadar Pen Cinema. Mafi yawan ɗaliban 'ya'yan Hausawa ne haifaffun Legas, waɗanda kakanninsu suka zo fataucin goro ko na shanu suka zauna. An ba ni ajin farko na ƙaramar sakandare, aka ce in koyar da lissafin kashi-kashi, wato yadda ake raba abu guda gida biyu ko huɗu ko takwas.

Kwana uku na yi ina rubuta tsarin darasi, tun daga manufa har zuwa auna fahimta, na kuma haddace shi kamar mai shirin tilawa. Da na shiga aji sai na juya wa yara baya, na yi ta zuba wa allo Turanci, har alli ya karye a hannuna sau biyu. Darasin minti 40 ne, amma kafin minti 15 duk guzurina ya ƙare. Na tambaye su ko sun gane, suka amsa baki ɗaya, "Mun gane, Malam!" Don in cike lokaci na rubuta 1/4 da 1/8, na ce wanne ya fi girma. Kusan dukkansu suka zaɓi 1/8, tun da a ganinsu takwas ta fi huɗu. A nan na fahimci cewa "kun gane?" ba tambaya ba ce, domin yaro mai tarbiyya ba zai ce wa malaminsa a'a ba, kuma tsarin da na wahala a kansa mai duba ni na rubuta wa, ba su ba.

Malamar ajin, wata dattijuwa da kowa ke kira Hajiya, tana zaune a baya. Ba ta tsinka ni a gaban yara ba, sai ta miƙo mini wata leda ta ce, "Malam, ga abin karyawata, ko zai yi maka amfani." Burodin Agege ne mai laushi. Na gutsura shi gida huɗu, na ɗaga yanki guda, sa'an nan na sake raba wani yankin gida biyu, na ajiye ƙaramin kusa da babban a kan tebur. Ajin ya yi tsit, can sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ashe sumuni ne!" Ya bayyana cewa a Islamiyya an koya musu mace tana gadon rubu'i idan mijinta bai bar ɗa ko 'ya ba, idan kuwa ya bari sai rabonta ya koma sumuni. Ban taɓa kawo wa raina cewa yaran sun san waɗannan kalmomi ba, alhali da su ya kamata in buɗe darasin.

Aka kaɗa ƙararrawa ban ba da aikin gida ba, abin da Hajiya ta rubuta a takardar bayanina ba tare da sassauci ba. Washegari na zo mata da burodi biyu, ta karɓi ɗaya, ta ce in riƙe ɗayan domin ajin da zan shiga bayan tara.