Aiki da Mutanen Birtaniya da na Amurka: Wuraren da Ake Tuntuɓe

Babban abin da ke ruɗin mai aiki ko karatu tsakanin mutanen Birtaniya da na Amurka shi ne ganin duk Turanci suke yi. Bakin ɗaya ne, amma lissafi da ɗabi'a kowa da nasa, kuma yawancin asarar a cikin lambobi take ɓuya.

Ɗauki kwanan wata. Ɗan Birtaniya da rana yake farawa sannan wata, kamar yadda aka saba a Najeriya. Ba'amurke kuwa wata yake sa wa a gaba. Saboda haka 04/05 a Landan 4 ga Mayu ne, a New York 5 ga Afrilu. Idan ranar ta haura 12 kowa zai gane, shi ya sa mutum kan daɗe bai lura ba, sai wa'adin miƙa aiki ya wuce shi da wata guda. A rubuta sunan watan da haruffa, magana ta ƙare.

Agogo ma haka. Ƙasashen biyu suna tura agogo gaba da awa ɗaya, amma ba rana ɗaya ba: Amurka a Lahadi ta biyu ta Maris, Birtaniya a Lahadin ƙarshe. A tsakanin nan, mako biyu ko uku, tazarar Landan da New York takan sauko daga awa 5 zuwa 4, sai ka ga an shiga taron intanet babu kowa. Najeriya ba ta taɓa agogonta, don haka daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba lokacin Kano da na Landan ɗaya ne.

Inda aka fi shan wuya shi ne salon magana. Shugaban aiki a Birtaniya ba kasafai yake cewa aikinka bai yi ba. Zai ce yana da 'yan ƙananan shawarwari, ko ya ce ka sake dubawa idan ka samu sarari. Wannan umarni ne, kuma sau da yawa ma'anarsa a sake aikin tun daga tushe. Bahaushen da ya san kara bai kamata wannan ya ba shi wahala ba, amma da yawa suna zuwa da tunanin Bature ba ya ɓoye-ɓoye, sai su ɗauki maganar yadda ta fito. Ba'amurke kuma yabo ba ya masa tsada. Zai ce aikin ya yi matuƙar kyau, sannan ya jero gyara guda biyar, kuma gyaran ne saƙon. A ganawar neman aiki yana so ka faɗi abin da ka cim ma da bakinka, da adadi. Mai kawaici a wurinsa kamar bai yi komai ba ne. Irin wannan bugun ƙirjin a gaban 'yan Birtaniya yana iya rage maka daraja.

Maki a jami'a ma ba a auna shi da mudu ɗaya. A Birtaniya 70 daraja ta ɗaya ce, 60 zuwa 69 ta biyu mai girma. A yawancin makarantun Amurka 70 matsakaicin maki ne, sai 90 ake kiran A. Wanda ya fito da 68 daga Manchester, in zai nemi gurbi a Amurka, ya haɗa takardar da ke bayanin tsarin makin, in ba haka ba a yi masa kallon rago.

Kafin sa hannu a kwantiragi a duba hutu. Dokar Birtaniya ta ba cikakken ma'aikaci kwana 28 a shekara da albashinsa. A Amurka babu dokar tarayya da ta tilasta hutu mai albashi, abin da aka rubuta a takardar shi ne naka. Inshorar lafiya ma galibi a jikin aikin take, ba kamar Birtaniya ba da hukumar lafiya ta ƙasa, NHS, ke kula da jama'a tun 1948.

Sauran ƙananan abubuwa ne masu cin kuɗi. Wutar Birtaniya bolt 230 ce irin tamu, ta Amurka 120, don haka na'urar Amurka da ba ta ɗaukar duka biyun tana iya ƙonewa a soket ɗin Landan. Farashin da ke jikin kaya a Birtaniya ya haɗa da haraji. A yawancin jihohin Amurka sai a wurin biya ake ɗora shi, a gidan abinci kuma a ƙara tukuicin kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ga wanda ya kawo maka abincin.