Kafin ka ƙirga kisa, duba waɗanda ka kashe

A watan Janairun 2016 wani Ba'amurke, Charles Martin, ya zama zakaran duniya na damben boksin a ajin masu nauyi, ƙarƙashin hukumar IBF. Ba wani naushi ya yi da za a tuna ba. Gwiwar abokin karawarsa, Vyacheslav Glazkov, ce ta samu rauni a turmi na uku, ya kasa ci gaba. Kwana 85 kambun ya yi a hannun Martin, Anthony Joshua ya karɓe shi a Landan tun a turmi na biyu. Amma har gobe in za a ambace shi sai an ce tsohon zakaran duniya, kuma ba ƙarya aka yi ba.

Ƙannena masu ɗaura zare da masu sa safar boksin, ku lura da yadda hakan ke faruwa. Manyan hukumomin boksin huɗu ne, WBA da WBC da IBF da WBO, kowacce da nata kambun, don haka aji ɗaya kan tashi da zakaru barkatai. Sannan ɗan dambe ba shi ke zaɓar abokin karo ba, masu kula da shi ne. Primo Carnera na Italiya, ƙato mai kusan mita biyu, haka aka riƙa jera masa waɗanda ba za su iya da shi ba, har aka daɗe ana zargin cewa wasu wasanninsa shiri ne. Ya ci kambu a hannun Jack Sharkey a 1933. Shekara na zagayowa Max Baer ya yi ta kayar da shi a dare ɗaya ya ƙwace. Kuɗin da ya tara kuwa mafi yawa a aljihun iyayen gidansa suka ƙare, shi ya koma kokawa don neman abinci.

Ni a damben gargajiya na ɗanɗana wannan, a nan Gombe. Ina da hannu mai nauyi, ban musa ba, amma ubangidana ya fi ni wayo. Da kaka in muka fita wajen Kumo ko Deba, sai ya zaga ya zaɓo min tsohon da ƙarfi ya ƙare masa, ko yaron da bai daɗe da fara ɗaura zare ba. Ina yin kisa, wato in kai abokin karo ƙasa, kalangu na tashi, ana min liƙi, a Pantami yara na bina da kirari. Wani dattijo mahauci da ya yi dambe a zamaninsa ya taɓa jana gefe ya ce, "Yaro, garkuwarka a sake take, kuma in za ka kai naushi rufe ido kake yi." Na ce, "To Baba, na ji," ina fita na ce hassada ce.

Ranar da ubangidan nawa bai zo ba na amsa gayyar wani siririn baƙo, ina ganin sa kamar iska za ta ɗauke shi. Turmin farko bai kai min ko ɗaya ba, zagaya ni kawai yake yana kallon hannun hagu na, wato garkuwata. A na biyu na ɗaga na rufe ido kamar yadda na saba. Abin da na sani bayan nan shi ne yashi a bakina, da wani abokina yana kwance min zare yana cewa in faɗi sunana.

Kada ku haɗa kowa a kwando ɗaya dai. Buster Douglas da ya buge Mike Tyson a Tokyo a 1990 da hannunsa ya yi, babu wanda ya ba shi kyauta. Laifinsa shi ne ya zo wa Evander Holyfield da ƙiba bayan wata takwas, aka gama da shi a turmi na uku. Wannan sakaci ne, ba rashin iyawa ba.

Ku kuna da abin da ba mu samu ba: waya. Ka sa a ɗauki damben ka, ka kalla ba tare da sauti ba, don kiɗa da ihu su ke rufe maka kurakurai. Duk wanda ka kashe, ka binciki wa ya taɓa kashewa shi ma. A wajen atisaye ka nemi wanda ya fi ka, ko da kullum shi zai ba ka kashi. Ka tambayi ubangidanka nawa aka biya kafin ka shiga fili, ba bayan an tashi ba. In kuma aka buge ka har ka fita hayyacinka, ka je asibiti a duba kanka, ka bar dambe har sai likita ya yarda ka koma, ko da mai kalangu zai kwana yana zuga ka.