Bindigar auna zafi bata shiri da ƙarfe mai ƙyalli

Tun korona a 2020 kowa ya san bindigar nan da aka riƙa saita wa mutum a goshi a ƙofar banki, to akwai 'yar uwarta da masu gyaran wuta da masu haɗa sola suke yawo da ita, kuma gaskiya yadda wasu ke yarda da duk lambar da ta nuna abun yana bani tsoro.

Ita fa ba taɓa abu take ba, wani haske ne da ido baya gani wanda duk abu mai ɗumi yake fitarwa, shi take kamawa ta yi lissafi. Kuma ba kowane abu bane yake sakin hasken nan daidai da zafin jikinsa. Ma'aunin yadda abu yake sakin hasken daga 0 zuwa 1 ne. Fatar mutum wajen 0.98, ruwa da katako da fenti duk suna kusa da 0.9 ko sama, shi yasa bindigogi masu arha aka kafe su a 0.95. Amma gogaggen alminiyam ko sabon jan ƙarfe? Ko 0.1 basu kai ba. Su kamar madubi suke, zafin bango da na jikinka suke dawo mata dashi.

Ku gwada a kicin. Sabuwar tukunyar silba ruwa na tafasa a ciki, ka haska gefenta mai sheƙi sai kaga lambar ko digiri 50 bata kai ba, amma tsohuwar tukunyar da hayaƙin itace ya baƙanta sai ta baka kusan gaskiya. A kicin abun dariya ne, amma a kan batirin inbata fa? Kan waya ya saki yana ta ɗaukar zafi, oga ya haska jan ƙarfen yace lafiya lau ya tafi abunsa.

Maganin ba tsada. A kashe wuta, a manna baƙin tef na masu gyaran wuta a wurin, a kunna a bari ya ɗau zafi sannan a auna kan tef ɗin, shi yana wajen 0.95. Ba baƙinsa ne sirrin ba ma, farin fenti da baƙi kusan ɗaya suke a wajenta, ƙyallin tsuran ƙarfe ne matsalar.

Sannan jan ɗigon nan da take haskawa saiti ne kawai, baya auna komai. In an rubuta 12:1 a jikinta, daga nisan santimita 120 da'ira mai faɗin santimita 10 take haɗawa, har da bangon baya, don haka a matso kusa. Ta cikin gilas kuwa kar ma a fara, zafin gilas ɗin zata baka.